Muna Da Kuɗin Anko, Ba Mu Da Kuɗin Adana Littafi



Akwai wata sanarwa da muka saba gani har ta daina tayar mana da hankali. Marubuciya ta kai shafi na tamanin a labarinta, masu karatu sun biya kuɗin shiga zauren, sai a wayi gari da saƙo: ku yi haƙuri, an sace mini waya, duk abin da na rubuta ya tafi. Nan da nan a jero mata addu'a, Allah ya mayar da alheri, Allah ya tona asirin ɓarawo. Addu'ar tana da kyau. Amma bayan wata biyu wani zai zo da tasa sanarwar, shi kuma laftof ce ta ƙi tashi, mai gyara ya ce sai an wanke ta tas. Mu sake jero addu'a. Ba a taɓa jin wani ya tashi a taron wata ya ce, wai shin mu da muke kiran kanmu ƙungiya, me muka tanada wa wannan matsalar ba.

Maganarmu a wannan makon ita ce: ɓacewar rubutu a tsakaninmu ta wuce a kira ta tsautsayin mutum ɗaya. Sakaci ne na ƙungiyoyinmu, kuma maganinsa bai kai kuɗin da muke kashewa a bikin cika shekara ba. Mun iya fitar da anko, mun iya kama ɗakin taro, mun iya buga kambun girmamawa mu miƙa wa mai kuɗin da bai taɓa karanta shafi ɗaya na ɗayanmu ba. Abin da ya tara mu, wato rubutun, shi ne kaɗai ba shi da kaso a cikin kasafi.

Mu fara da abin da muke kira ajiya. Da yawanmu mun buɗe zauren WhatsApp da mu kaɗai ne a ciki, muna tura wa kanmu shafukan da muka gama. Wannan zauren a cikin wayar da muke tsoron a sace yake zaune. In an yi sa'a akwai bakof a Google, sai a tarar da adireshin Gmail ɗin yaron shagon waya ne ya buɗe shi ranar da aka sayi wayar, mai ita ba ta taɓa sanin kalmar sirrin ba, layin da za a turo wa lambar tabbatarwa kuma ya tafi tare da ɓarawo. Waɗanda aka rufe wa layi a 2024 saboda rashin haɗa shi da NIN sun san yadda asusun mutum ke zama gidan da aka kulle shi a waje. Google kansa ya faɗa: gigabayit 15 yake bayarwa kyauta, da Gmail da Drive da hotuna duk a ciki, bakof ɗin WhatsApp na Android ma yanzu daga cikinsu yake ci, kuma tun Disambar 2023 yana iya goge asusun da ya yi shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Wasu kuma su ce ai littafinsu yana kan manhajar sayar da littafi, babu abin da zai same shi. Ina OkadaBooks? Shekara goma ya yi yana aiki, marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a ciki, a ƙarshen Nuwamban 2023 ya rufe. Ba laifinsa muke gani ba, kasuwa ce, takan ci takan faɗi. Shago wurin baje haja ne, ba rumbu ba. MySpace, wanda a zamaninsa ya fi Facebook suna, a 2019 ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora tsawon shekara goma sha biyu, wajen sauya ma'adana. In wannan ya faru da kamfanin da ke da injiniyoyi, me muke tsammani daga filash ɗin da ke yawo a jakar hannu tare da makulli da man leɓe, ana soka shi a kowace kwamfutar shagon buga takardu, yana kwaso cutar nan mai mayar da foldoji gajerun hanyoyi?

To me muke so a yi? Abin da ƙananan kamfanoni da matsakaita suka daɗe suna yi a duniya: tsarin uwar garke da 'ya'yanta. A ware kwamfuta guda, ba sai sabuwa ba, a sa mata babban faifan ajiya, a ce aikinki ɗaya ne, tattara kwafi. Ita ce uwar garke. Sauran kwamfutocin da ake aiki da su, kowace a sa mata 'yar ƙaramar manhaja wadda ke amsa kiran uwar. Idan lokacin da aka tsara ya yi, uwar ta nemi 'yar, ta kwashi abin da ke cikin foldojin da aka nuna mata. Karon farko takan kwashe komai. Daga nan sai abin da ya sauya kawai take ɗauka, shi ya sa aikin ba ya cin lokaci. Mai rubutu ba ya danna komai, ba ya tuna komai. Wannan shi ne gishirin abin, domin duk ajiyar da ta dogara da cewa mutum zai tuna ya kwafa kowace Juma'a, Juma'a uku take yi ta mutu.

Manhajar ma ba sai an saya ba. Akwai UrBackup, kyauta ce, kuma a buɗe take ga duk mai son duba yadda aka gina ta. Uwar tana zama a kan Windows ko Linux, ita da kanta take lalubo 'ya'yanta matuƙar suna kan rauta ɗaya, kuma ana iya saita ta ta karɓi kwafi ta intanet daga kwamfutar da ke wani gari. Tana ɗaukar fayil-fayil, tana kuma iya ɗaukar hoton faifan Windows ɗungurungum, yadda in ya mutu za a sayo sabo a mayar masa da komai, har da manhajojin da aka girka. Ko fayil yana buɗe ana cikin aiki a kansa takan iya ɗaukarsa. In fayil iri ɗaya yana kan kwamfutoci biyar, sau ɗaya take ajiye shi. Tana da shafi da ake buɗewa a burauza, ya nuna wa mai kula wace kwamfuta ce aka kwashe jiya, wace ce ta yi sati ba ta leƙo ba. Akwai Bacula da Bareos, sun fi ta ƙarfi, sun kuma fi ta wuyar saitawa, irin na wuraren da ke da ma'aikacin kwamfuta na dindindin ne. Ga ƙungiyar marubuta ko shagon ɗab'i mai kwamfuta huɗu, UrBackup ta isa har ta yi saura. Duk wanda ya yi difloma a fannin kwamfuta a poli zai iya tayar da ita a yini guda, kuma babu ƙungiyar da ba ta da irinmu ko da mutum ɗaya.

Abin da ya fi burge mu a tsarin shi ne yana riƙe tarihi. Ba kwafin yau kaɗai yake ajiyewa ba, akwai na jiya, na makon jiya, na watan jiya, gwargwadon yadda aka saita. Mu marubuta mun fi kowa buƙatar wannan. Sau nawa mutum ya goge babi guda cikin fushi da daddare, gari ya waye ya gane shi ne babin da ya fi kowanne rai? Sau nawa aka adana sabon fayil a kan tsoho da suna ɗaya? Filash ba ya ceto a nan, domin abin da ka kwafa a ƙarshe shi kaɗai ya sani. Haka nan manhajojin da ke daidaita folda tsakanin waya da kwamfuta: ka goge a nan, ta goge a can, cikin biyayya. Madubi ne, duk abin da ka yi a gabansa shi zai yi. Sannan tarihin nan yana da wani amfani da ba mu cika lura da shi ba. Rigimar satar fasaha ba ta ƙarewa a zaurukanmu, wance ta ce wance ta ɗauke mata labari, kowa ta kawo hoton allo wanda ba ya tabbatar da komai. Uwar garken ƙungiya da ke nuna cewa wannan babin ya shigo ranar kaza ga watan kaza, yana girma mako bayan mako, ta fi rantsuwa goma raba gardama a gaban kwamitin sulhu.

Mun san abin da za a ce, don mun sha ji.

Za a ce babu kuɗi. Mu yi lissafi. Littafi mai kalma dubu ɗari, wanda a wurinmu babban littafi ne, in zallar rubutu ne bai cika megabayit ɗaya ba. Hoto guda na ranar taro, wanda muka ɗauka muna riƙe da kambu, ya fi shi nauyi. Faifai mai terabayit ɗaya zai ɗauki irin wannan littafin kusan miliyan. Ko an haɗa da bango da zane da sautin masu karanta littafi a YouTube, ƙungiya mai mutum hamsin za ta daɗe ba ta cika shi ba. Tsohuwar kwamfutar teburi da faifai biyu: a auna kuɗinsu da na abincin taro ɗaya, a zo a faɗa mana wanne ya fi.

Za a ce babu wuta. Wannan gaskiya ce, ba ma musu. A Oktoban 2024 akasarin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta, kowa ya ɗanɗana. Sai dai uwar garke ba asibiti ba ce da za a ce dole ta kwana a kunne. In an kunna ta awa biyu a yini, 'ya'yan da ke kusa su miƙa abin da suka tara, ta yi aikinta. Tsohuwar laftof ma tana iya zama uwar garke, ga batirinta a jiki, wutar da take sha ba ta kai ta fanka ba. Shagon da ke da sola don cajin waya ya riga ya mallaki abin da ake buƙata.

Za a ce yawancinmu da waya muke rubutu, ba da kwamfuta ba. Wannan ma gaskiya ce, kuma UrBackup ba don waya aka yi ta ba. Amma akwai Nextcloud, ita ma kyauta, ita ma tsarin uwar garke ce, tana da manhajar Android. Kowane ɗan ƙungiya a ba shi ɗakinsa da makullinsa, ya nuna wa manhajar foldar da yake adana rubutu, duk fayil da ya shiga ta tura shi. Tana riƙe tsofaffin kwafi, tana da kwandon shara da ake iya tsamo abin da aka goge. Daga nan ita kanta Nextcloud ɗin a riƙa yi mata bakof zuwa wani faifan. Sharaɗin kawai shi ne mu daina rubuta littafi kai tsaye a cikin akwatin saƙon WhatsApp. A rubuta a fayil, a adana, sannan a kwafa a tura wa masu karatu. Wanda ya ga wannan ya yi masa wahala, to bai taɓa sake rubuta shafi tamanin daga ƙwaƙwalwa ba.

Akwai ƙorafi ɗaya da ba za mu wuce shi da sauri ba, domin shi ne na gaske. Marubuciya za ta ce: ku tsaya, kuna nufin in ɗauki littafin da ban fitar ba, wanda shi ne jarina, in ajiye a kwamfutar da wani ɗan ƙungiya ke riƙe da makullinta? A harkar da ake sace littafin kuɗi a watsa shi kyauta kafin mai shi ta mayar da kuɗin data? Tana da gaskiya ɗari bisa ɗari. A tsarin UrBackup mai kula da uwar garke yana iya buɗe abin da aka ajiye. Duk wanda ya ce muku ba haka ba ne, talla yake yi. Amma wannan matsala ce mai magani. Ana layance fayil kafin ya bar hannun mai shi, wato a kulle shi da kalmar sirri yadda ko an buɗe ba za a ga komai ba sai tarkacen haruffa. Manhajar 7-Zip tana yin wannan, Microsoft Word ma yana da wurin sa wa fayil kalmar sirri. Akwai kuma irin su Duplicati da restic, waɗanda suke layance komai tun a kwamfutar mai rubutu kafin su aika, uwar garke ta riƙe akwatin ba tare da ta san abin da ke ciki ba. Illarsa ɗaya: ranar da ka manta kalmar, kai ma ka zama baƙo. Saboda haka a rubuta ta a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardun gida.

Mu kuma tambayi kanmu tsakani da Allah. Muna tsoron amintaccen da muka zaɓa da hannunmu a taro, amma kullum muna miƙa wayarmu a buɗe ga mai gyaran da ba mu san sunan mahaifinsa ba, mu tafi mu dawo gobe. Muna barin littafi sukutum a kan kwamfutar shagon da ya yi mana tayifin, inda duk yaron da ya zo buga takardar makaranta zai iya kwafe shi. Tsoron sata dalili ne na tsara ajiyar da kyau, da rubutacciyar yarjejeniya kan wa ke da ikon taɓa me. Bai zama hujjar zama babu ajiya ba.

Shagunan nan na tayifin da tsara shafi su ma maganar ta hau kansu, watakila fiye da mu. Su ne ainihin ƙananan kamfanonin da aka ƙirƙiri irin wannan manhaja dominsu. Shago guda yana riƙe da aikin marubuta da dama, da kundin ɗalibai, da katin biki, duk a kan faifai ɗaya da ya shekara bakwai yana juyawa cikin ƙura da zafi. Ranar da ya yi ƙara ya tsaya, mai shago ya ce wallahi kwamfuta ce ta ci, shi ke nan, babu mai biyan kowa. Ga kuma masu garkuwa da fayil, manhajar da ke shiga ta kulle komai ta nemi kuɗin fansa. WannaCry ta yi haka a Mayun 2017, ta ratsa ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila sai da ta tsayar wa aiki. Irin wannan cutar tana kulle duk faifan da ta gani a jone da kwamfuta, har da wanda ka soka don bakof. Uwar garke kuwa ba ta bayyana a matsayin folda a kwamfutar da ta kamu, don haka kwafin jiya yana nan lafiya. Ya kamata mu marubuta mu fara tambayar mai shago kafin mu ba shi aiki: Malam, in wannan kwamfutar ta mutu yau, ina littafina yake? In ya yi dariya ya ce Allah zai kiyaye, mu ce amin, mu ɗauki filash ɗinmu mu yi gaba. An hore mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Wanda yake ganin muna zuzuta abin, ya dubi littattafan iyayenmu na shekarun 1990, zamanin da kasuwar littafi ta Kano ke tashe. Nawa ne daga cikinsu ake iya sake bugawa yau daga fayil ɗinsu na asali? Abin da muke gani shi ne masoya suna samo tsohon kwafi da bango ya yage, suna sake buga shi da yatsa a waya, da kurakurai, wani lokaci babu shafin ƙarshe, sau da yawa babu izinin mai shi. An tsara waɗancan littattafai a kwamfuta, akasari da PageMaker, manhajar da Adobe ya daina sabuntawa tun bayan fitowa ta 7 a 2001. Kafin haruffanmu masu lanƙwasa su samu gurbi a kowace waya, sai da aka yi amfani da keɓaɓɓun zubin haruffa, irin Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. In ka samo tsohon fayil babu zubin da aka rubuta shi da shi, sai ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun koma wasu alamomi. Darasin da ke ciki na aiki ne: a ajiye littafi tare da zubin haruffansa, da PDF ɗinsa, da kuma zallar rubutun da kowace manhaja za ta iya buɗewa nan da shekara talatin. Abin kunya ne a ce mai neman jerin littattafan wancan zamani sai ya koma ga kundin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar a 2004, wanda ya tattaro na 1987 zuwa 2002, alhali ƙungiyoyin da marubutan suka kafa suna nan. Su aƙalla an buga su a takarda, wani ya saya ya ajiye. Namu na onlayin ko wannan gatan ba su da shi. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u sun iso mu ne saboda almajirai sun zauna sun kwafa da hannu, kwafin ya bazu gari-gari, in gara ta ci na wannan gida akwai na wancan. Mu da kwafi bai fi mana daƙiƙa ɗaya ba, mu ne rubutunmu ke mutuwa da waya guda.

Bazuwar nan gari-gari ita ce abin da uwar garke ɗaya ba za ta iya ba ita kaɗai. Masu harkar suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Na ƙarshen ne mutane ke rainawa. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ba ta tambayi wace kwamfuta ce uwa wace ce 'ya ba, haka ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau. Ko a Faransa, da cibiyar ajiyar kamfanin OVH ta ƙone a Strasbourg a Maris ɗin 2021, waɗanda bakof ɗinsu ke wuri ɗaya da asalin sun tashi a tutar babu. Mu abin ya zo mana da sauƙi, tunda ƙungiyoyinmu suna da rassa da ƙawaye. Ƙungiyar da ke Kano ta riƙe wa ta Katsina faifai, ta Katsina ta riƙe wa ta Kano, a riƙa musanya duk wata in an haɗu a taro. Ba a buƙatar data, motar haya ta isa.

Sai abu na ƙarshe da ake mantawa, gwaji. Ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba, zato ce kawai. A kowane taron wata a zaɓi mutum ɗaya, a ce ya faɗi sunan fayil ɗinsa da ranar da yake so, mai kula ya fito da shi a gaban kowa ya buɗe. In ya buɗu, a ci gaba da ajanda. In bai buɗu ba, gara a sani ranar da asalin yake nan.

Ga buƙatarmu ga shugabannin ƙungiyoyi, kuma muna so a sa ta a ajandar taro mai zuwa, a saman maganar kalanda. A ware kuɗin tsohuwar kwamfuta ɗaya da faifai biyu daga asusun bikin bana. A naɗa mutum biyu masu kula, mace da namiji, kada makulli ya zauna a hannun mutum ɗaya da zai iya yin fushi ya fice da shi, kamar yadda muka sha gani ana ficewa da shafin ƙungiya. A rubuta a takarda cewa abin da ke cikin ajiyar mallakin marubucinsa ne, yana iya karɓe kayansa duk ranar da ya so, kuma in ya rasu magadansa ne za a miƙa wa, don haka kowa ya rubuta sunan wanda za a nema tun ranar da aka buɗe masa ɗaki. Mu masu diflomar kwamfuta a cikinku mun ɗauki nauyin saitawa kyauta, ku dai ku sayo kayan.